Zuwa ga masu zuwa wurin ninƙayarmu, game da rufe ɓangaren mata da yara

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Mun ji koke-kokenku kan warin da ke sa ido zafi da tari. Ni da kaina na ga wata yarinya ta fito daga ruwa ranar Asabar, idanunta jajur, tana tari, mahaifiyarta na goge mata fuska da gefen mayafi. Ban yi barcin kirki ba a daren. Ku yi haƙuri.

Maganar da ke yawo cewa mun zabga kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, fiye da kima ba haka take ba. Warin da ke shaƙe hanci na wani sinadari ne, tiraikuloramin (NCl3), wanda ke samuwa idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsarin da ke shiga ruwa. Ba ya zama cikin ruwan, tashi yake ya kwanta a samansa, daidai inda hancin yaro yake. Ɓangaren mata kuwa mun kewaye shi mun rufa masa kwano saboda sutura, don haka sai fankoki sun yi ta jan iska kafin ya fita. Fankoki da famfon tace ruwa duk janareta ke riƙe da su. Kuɗin dizal kun san inda ya kai, wuta ba ta tsayawa, mai kawo mana man kuma sau biyu yana saɓa alkawari a wata guda. Dole ta sa muka rage awannin kunna inji, shi ya sa sinadarin ya taru.

Wani Alhaji ya kira ni hankali tashe, ya karanta cewa sinadarin na fashewa. Gaskiya ne, tsantsarsa ruwa ne mai maiƙo, launin rawaya, kuma Bafaranshen da ya fara haɗa shi, Pierre Dulong, ya rasa ido ɗaya sanadin fashewarsa. Wanda ke tashi a wurin ninƙaya ɗan kaɗan ne cikin iska, iyakarsa ya sa ido zafi da tari, sai dai masu asma su yi hattara.

Muna kan gyara, kuma za mu sanar da ranar buɗewa in Allah ya yarda. Roƙonmu, a watsa ruwa kafin a shiga, a kai yara bayi tukuna.

Hajiyar da ke kawo jikokinta tun ranar da muka buɗe, da malaman makarantar da ke kawo ɗalibai kowace Alhamis, Allah ya saka da alheri. Shekarun nan ba mu taɓa ba ku kunya ba, don Allah kar wannan ya raba mu.

Naku,
Manaja