Zuwa ga ƙanena, kan tuƙin dare

Gilasgo, Sikotilan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ka gaishe min da Inna da Baba, da mai ɗakinka da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi, ga shi a wannan wata na Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4.

Inna ta ce min ka koma tafiyar dare, Kano zuwa Legas, goro da kofi ne guzurinka. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Ni ma aikin dare nake a gidan kula da tsofaffi, kuma an karantar da mu yadda barci yake a jikin mutum. Ka saurare ni da kyau, don Allah.

Daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarka, yana danne sassan da ke riƙe ka a farke. Barci ne ke kwashe shi. Kafeyin da ke cikin goro da kofi yana toshe gurbin da adenosin ke maƙalewa ne kawai, sai ka daina jin nauyin ido alhali tarin yana nan yana ƙaruwa. Da kafeyin ya sake ka, duk tarin ya sauko maka gaba ɗaya. Iyayenmu sun faɗa, ba a cin bashin barci.

Sannan akwai agogon jiki, wani ɗan gungu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan 20,000 a saman inda jijiyoyin ido suka gicciye. Haske ne ke saita shi. Da rana yana zuga sinadaran farkawa irin su oreksin, kuma zugar takan yi ƙarfi da almuru, shi ya sa za ka bar tasha bayan magariba kana jin garau ko da ba ka runtsa da rana ba. Wannan garau ɗin ne ke yaudarar direbobi. In dare ya tsala sai agogon ya janye hannu, sinadarin barci mai suna melatonin ya hau, zafin jiki ya sauka. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba abin ya haɗe maka biyu: ga tarin adenosin, ga agogo ya daina taimako. A nan ne ƙwaƙwalwa ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu, wani lokaci ido a buɗe. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 90 cikin daƙiƙa 4. Wannan ba ragwanci ba ne, jarumi ma haka jikinsa yake.

Abin da nake roƙonka shi ne, in lokacin nan ya yi ka sami wuri mai tsaro inda manyan motoci ke tsayawa, ka kashe mota. Sha kofinka, ka kwanta minti 20, kafin ka tashi ya fara aiki. In kana da abokin tuƙi, ku yi karɓa-karɓa. Ƙwayoyin da ake tallatawa a tasha kuwa, kada ka kusance su.

Ranar da ka dawo gida, ka rufe tagogi ɗakin ya yi duhu, mai ɗakinka ta janye yara. Kada ka ci goro dab da kwanciya, domin rabin kafeyin yana nan a jini bayan kamar awa 5.

Zan kira ranar Juma'a bayan masallaci, ka kasance kusa da wayar Inna. Allah Ya tsare hanya.

Yayanka