Wasiƙar godiya ga masu haɗa wutar motocin tafi-da-gidanka a Freiburg

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan garejin da ya haɗa mana wutar motarmu a birnin Freiburg na ƙasar Jamus.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in gode muku a bainar jama'a, ni da uwargidata, saboda aikin da kuka yi wa motarmu ta tafi-da-gidanka, wato motar da ake kwana a cikinta kamar gida, wanda ya ba mu damar yi wa kekunanmu na lantarki caji a wuraren da babu wurin jona wuta ko ɗaya.

Abin da ya kawo mu wurinku ƙarami ne a baki. Muna son mu kwana a gonaki da filayen ajiye motoci na kwarin kogin Danube, tsakanin Beuron da Sigmaringen, mu wuni muna yawo a kan keke, amma batirin motar ba ya iya cika ko keke ɗaya ba tare da fitilu sun dushe ba. Na zo da niyyar sayen babbar inbata, sai babban ma'aikacinku ya ce a dakata da maganar saye tukuna, ya jawo wani kwali ya juya bayansa, ya soma lissafi da biro.

Wannan lissafi shi ne abin da na fi gode wa. Ya nuna mana cewa batirin kowane keke yana ɗaukar wat-awa 625 (ma'aunin yawan wutar da batiri ke ajiyewa), biyu ke nan 1,250, kuma idan aka haɗa da wutar da ke salwanta a cikin inbata da caja, sai an tanadi kusan 1,500. Tsohon batirin motar kuwa, mai bolt 12 da amfiya-awa 95, idan aka ninka 95 sau 12, duk abin da ke cikinsa bai kai wat-awa 1,200 ba, kuma irin wannan batiri na dalma ba a shan fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Ashe matsalar ba ta ƙarfin inbata ba ce, ta ma'ajiyar wuta ce. Mu da muka tashi a Kano cikin ɗauke wuta muna ganin babu wanda zai koya mana zancen inbata da sola, amma a nan na ga bambancin mai sayarwa da mai sana'a.

Kun sa mana batirin lithiyam mai amfiya-awa 200, da farantan sola na wat 300 a kan rufi, da inbata mai wat 600 kacal, irin mai ba da wuta lafiyayya kamar ta gida, domin cajar keke ba ta jure wutar inbata mai araha. Da na nemi mai wat 2,000, kuka ce cajojin biyu ba su wuce wat 400 ba, kuma babbar inbata tana cin wuta ko da ba a jona mata komai ba. Kun rage wa kanku ciniki da bakinku, abin da ba kasafai ake gani ba. Haka nan kun ƙara na'urar da ke jan amfiya 30 daga altaneta (abin da ke samar da wuta idan injin mota yana aiki), wadda tafiyar awa ɗaya ke zuba wa batirin kusan wat-awa 400, kuma ita ce ke rufa mana asiri a ranakun da hadari ya rufe sama.

Ban manta da guntuwar waya mai narkakkiyar roba da ma'aikacin ya ɗauko daga aljihun tebur ba. Ya ce wat 400 a kan bolt 12 ya haura amfiya 30, don haka siririyar waya zafi za ta yi, shi ya sa kuka yi amfani da mai kauri, kuka kuma sa fiyus dab da batirin.

Shawararku kan lokacin caji ma ta yi mana rana, tunda sa'ad da rana ta fi ƙarfi kekunan suna kan hanya. Yanzu sola tana cika batirin motar da rana, idan mun dawo da la'asar sai mu bar batiran kekunan su huce, sannan mu jona su, mu cire kafin mu kwanta. Ba ma barin su a caji muna barci, kuma ba ma yi musu caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara, kamar yadda kuka ja mana kunne. Kun kuma faɗa mana gaskiya cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu kada mu dogara da sola a wannan ƙasa.

Kuɗin aikin ba kaɗan ba ne, amma abin da kuka rubuta tun farko shi muka biya. Duk ɗan'uwan da ke zaune a wannan yanki kuma yake da irin wannan mota, zan nuna masa ƙofarku.

Allah ya ƙara muku kasuwa, ya sa albarka a sana'arku.

Naku,
Wani Bahaushe mazaunin Freiburg