Ga zogale a tsakar gida, ga yaro ya tsumbure

Assalamu alaikum Anti mai shirin lafiyar iyali. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira.

Daga wani ƙauye kusa da Gadarif a ƙasar Sudan nake rubuto miki, kuma ɗan ƙanwata ne ya hana ni barci. Watansa 20, amma in ya tsaya cikin sa'o'insa sai ki rantse ƙaninsu ne. Da muka kai shi asibiti aka auna tsayinsa, ma'aikaciyar ta ce matsalar abinci ce. Ta ja mana kunne cewa daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2 ake gina jikin yaro, abin da ya kuɓuce a nan da wuya a maido shi.

Abincinsa kuwa na san shi sarai: kisra, wato siririyar gurasar dawa, da ruwan miyar busasshiyar kuɓewa, sai shayi mai sukari safe da yamma. Shayin ma, in ji ta, yana hana jiki cin moriyar abinci mai ƙara jini.

Na yarda tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 nama da madara suka fi ƙarfin talaka. To amma zogale fa? Bishiya biyu ce a gidansu, awaki ke morarta. Ga riɗi da gyaɗa, mu muke noma su da hannunmu. Sai na shanya ganyen a inuwa, na daka, na tankaɗe, ina zuba masa a kunun gyaɗa da ɗan garin 'ya'yan kuka, wanda a nan muke ce wa gongolez. Kwana uku yana sha har yana lasar ludayi. Rana ta huɗu surukar ƙanwata ta ɗauke kwanon. Wai ganye abincin shekarar yunwa ne, ita 'ya'ya tara ta raina, gajarta kuma gadon gidansu ce. Ƙanwata ko ido ba ta iya ɗagawa a gabanta.

Anti, tsohuwar nan tana ƙaunar jikanta, ni shaida ce. Ta wace ƙofa zan shigo mata ba tare da ta ga na raina renonta ba? In bi ta hannun ɗanta, ko in nemi matar liman?

Sannan ki faɗa mini cokali nawa na garin zogale ya dace da yaro kamarsa a rana. Matan Islamiyyarmu sun fara tambayata, ni kuma ina tsoron in koya musu abin da ban tabbatar ba.

Taki,
wata uwa daga yankin Gadarif, Sudan