Barka da Sallah daga Manchesta, da labarin wani ɗan ƙwallo mai jari-bola

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fatan Baba ya samu zuwa Idi da ƙafarsa, ciwon gwiwar nan bai hana shi ba. Ka ce wa Inna na ga hoton ragon, ba laifi, sai dai kuɗin da ka ce an saye shi ya sa na sake kallonsa sau biyu ina neman inda aka ɓoye sauran naman.

Mu nan a filin Platt Fields muka yi Idi, kan ciyawa mai raɓa, kowa da leda a ƙarƙashin dardumarsa. Babu yanka a ƙofar gida, babu ƙaurin babbakar kai da ƙafa. Mahauci ake biya, bayan kwana biyu a je a karɓo nama a kwali. Da aka idar sai na tako da ƙafa ta Moss Side tare da maƙwabcina, dattijon Baturen nan da na taɓa ba ka labari, wanda yake karɓar mini saƙo idan ina wurin aiki. Shi ya ce zai jira ni a bakin filin don ya nuna mini wani wuri.

Gidaje ne kawai a wurin yanzu, jere-jere, yara na tuka keke. Ya tsaya ya dogara sandarsa ya ce nan ne Maine Road, filin Man City har zuwa 2003. Daga nan kuma bakinsa bai sake rufuwa ba sai kan mutum guda, Francis Lee, wanda ya rasu ranar 2 ga Oktoban 2023 yana da shekara 79. Franny yake kiransa, kai ka ce ɗan ɗakinsu ne.

Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji. A Bolton ya fara yana ɗan shekara 16, City ta saye shi a 1967 kan fam 60,000. Kakar farko suka ɗauki lig, a wasan ƙarshe da suka ci Newcastle 4 da 3, shi ya jefa ta huɗun. Ka san wa suka bari a na biyu? United ɗinka. Na san za ka ce ai a wancan watan na Mayun 1968 kuka ɗauki kofin Turai, to na riga ka faɗa, sai ka huta. Kofin FA ya biyo a 1969, wasu kofuna biyu a 1970, shekarar da ya je gasar duniya a Meziko. Wasa 27 ya yi wa Ingila, ƙwallo 10.

Inda muka yi musu da dattijon shi ne maganar fenariti. A kakar 1971 zuwa 1972 guda 15 ya ci, har aka laƙaba masa suna Li Wan Pen, wai kamar Basine, saboda yadda jarida take rubuta sakamako: "Lee 1 pen", wato Lee ya ci ɗaya da fenariti. Mutane da yawa sun ce faɗuwar ganganci yake yi. Dattijon ya rantse ture shi ake yi. Ni dai na kalli tsofaffin hotunan bidiyon, kuma wallahi wata faɗuwar ko iska ba ta taɓa shi ba. Wannan zargin ne ya haɗa shi dambe da Norman Hunter na Leeds a 1975, lokacin ya koma Derby har ya sake ɗaukar lig da su. Aka fasa masa leɓe, alƙali ya kore su duka biyun, suna kan hanyar fita suka sake kacamewa.

Amma ba don wannan na zauna rubuta maka ba, Yaya. Tun yana Bolton, yana tsakiyar tashe, mutumin nan ya samu tsohuwar mota yana zagayawa yana kwasar tsofaffin takardu da kwalaye. Abin da mu a Kano za mu kira jari-bola ke nan, babu wani suna. Daga nan ya kafa masana'antar da ke sarrafa su ta fitar da takardar banɗaki. 'Yan kallo sun yi ta yi masa ba'a da ita. Ya ajiye takalmi a 1976 yana da shekara 32, kuma a lokacin albashin ƙwallo bai kai a kwanta a kansa ba, abokan wasansa da yawa sai da suka nemi aikin yi. Shi kuwa a shekarun 1980 ya sayar da kamfanin kan miliyoyin fam, ya koma horar da dawakan sukuwa.

Ina jin haka Auta ya faɗo mini a rai. Ka ce tun bayan azumi bai taka Kwari ba, wai zaman shago yana kashe masa ƙafa, wai wani ya yi masa alƙawarin gwaji a Turai idan an kawo kuɗi. Kuɗin nan dai kada a bayar, na faɗa na sake faɗa. Amma kuma kada ku ce ya bar ƙwallo, don na ga yadda yake wasa, yaron yana da ƙafar hagu. A raba masa yini: safe shago, bayan la'asar fili. Idan ya ce ɗan ƙwallo ba ya auna yadi, ka karanta masa wannan takardar.

Kada in yi wa mamaci ƙarya, ba komai ya taɓa ya yi albarka ba. Magoya baya suka yi ta zanga-zanga har a 1994 ya karɓi shugabancin City daga hannun Peter Swales, aka tarbe shi kamar ango. Shekara biyu ƙungiyar ta faɗo daga Firimiya. A wasan ƙarshe da Liverpool ana 2 da 2, aka ba 'yan wasa labarin ƙarya cewa canjaras ya ishe su, suka koma ɓata lokaci a kusurwa alhali ci suke bukata. Dattijon yana cikin filin ranar, da ya zo nan a labarin sai ya yi shiru yana goge tabarau. A 1998 Lee ya sauka, ƙungiyar ta sake gangarawa rukuni na uku. Duk da haka yau mutum-mutuminsa na tsaye a ƙofar Etihad, filin City na yanzu, tare da na abokan wasansa Colin Bell da Mike Summerbee. Makonni kaɗan bayan rasuwarsa aka buɗe shi.

Na ba dattijon soyayyen nama daga wanda muka yi da 'yan uwa a nan, yaji ya sa shi tari har da hawaye, ya kuma miƙo hannu a ƙara.

Na turo ɗan abin barka da Sallah ta hannunka. Ka cire na Inna da na Gwaggo tukuna, sauran a raba wa yara, sababbin kuɗi idan an samu. Idan akwai mai tahowa, a sako mini dambun nama da kuka, a rubuta abin da ke ciki a jikin ledar. Auta kuma ya kira ni ranar Lahadi bayan Isha'i, agogonmu ɗaya da naku a wannan watan.

Naka,
ƙaninka na Manchesta