Zuwa ga kwastomominmu masu sayen buroila

Assalamu alaikum iyayenmu mata, masu gidajen abinci, da ƴan uwa masu gashin kaza.

Kwanan nan kuna ta tambaya me yasa kuɗin kazarmu ya ɗan ɗaga, kuma me yasa wani lokaci in kun kira sai mu ce kajin basu isa fita ba alhali gasu nan sun yi ɓul-ɓul. To ga bayani.

Daga abinci abin yake farawa. Masarar da aka ɗura a buhu bata gama bushewa ba, ko ƙulin gyaɗa da ya sha danshi, fumfuna na kama su ta bar wani dafi da ake kira afulatoksin, shi kuma dahuwa bata kashe shi, in kaza ta ci hantarta yake fara taɓawa kuma a nan ragowarsa tafi zama, hantar nan da muke ba yara. Ba sabon abu bane, a 1960 ya kashe talo-talo sama da 100,000 a Ingila ta hanyar garin gyaɗa da aka kai daga Barazil.

Shi yasa yanzu muke neman masarar manoman da suka watsa Aflasafe a gona, wato wani magani da ke rage fumfuna mai dafin a jikin amfanin gona, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, kuma duk buhun da muka ji warin fiya-fiya a jikinsa wallahi komai arharsa baya shiga sito. A cikin abincin muna haɗa garin laka mai suna bentonait da ɓawon yis, aikinsu su kama dafin tun a hanji ya fita ta kashi kafin ya shiga jini, sai bitamin E da seleniyam don taimakon hanta. Duk kuɗi ne, shi kuka gani a farashi.

Amma dan Allah kar wani ya ruɗe ku da cewa irin wannan haɗin yana wanke maganin kashe ƙwayoyin cuta daga nama. Baya yi. In an ba kaza irin wannan magani, kamar oksitetrasaikilin ko tailosin, dole a tsayar da shi a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika kafin wuƙa ta hau, ko da ana jajiberin sallah ne kuwa, mu dai gara ciniki ya wuce mu. Shi yasa wani lokaci muke ce muku basu isa fita ba.

Masu biki da suna ku riƙa bada oda da wuri mu gaya muku garken da ya shirya. Wanda ke son ganin littafin da muke rubuta magungunan kowane garke ya zo gona, a buɗe yake.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Naku, masu gona da ma'aikata