Rahoton Ayyukan Shekara: Koyar da Sauyin Yanayi ta Hanyar Zanen Yara

Assalamu alaikum, 'yan uwa malaman zane.

Babban aikin da ƙungiyarmu ta sa a gaba bana shi ne koya wa ɗalibai yadda sauyin yanayi ke taɓa ƙasashe daban-daban, ta hanyar zanen da yara suka yi da hannunsu. Na ƙasashen waje mun samo su ne daga gasar zanen yara kan muhalli da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fara shiryawa a 1991. Muka buga su a kwali, muka zagaya da su makarantun firamare da ƙananan sakandare.

A zangon farko, da aka ce yara su zana sauyin yanayi, yawancinsu ƙanƙara mai narkewa suka zana, abin da suka gani a talabijin. A wurinsu matsalar ta Turawa ce. Sai malamai suka kawo taswira suka nuna musu Tubalu, ƙasar tsibirai a Tekun Pasifik wadda wuri mafi tudu a cikinta bai kai mita 5 a saman teku ba, da Bangaladash inda ambaliya ke cinye gonakin shinkafa. Daga nan aka tura kowane yaro ya tambayi kakansa ko kakarsa yadda damina take a da.

Abin da suka dawo da shi ya fi komai armashi a wannan shekara. Wata yarinya ta zana rijiyar gidansu sau biyu, a na biyun igiyar guga ta yi tsawo har ta fita daga takardar. Wani yaro da iyayensa suka taso daga Maiduguri ya zana ambaliyar Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, mutane a kan rufin kwano riƙe da buhunan kaya. Wani aji kuma ya zana Tafkin Chadi na shekarun 1960 kusa da na yanzu, bayan ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Muna jan hankalin malamai a nan: ba kowace ambaliya ake ɗora wa sauyin yanayi kaɗai ba. Kwata da leda ta toshe, da gini a kan hanyar ruwa, su ma suna da nasu laifin, kuma ya kamata yaro ya san haka.

Fenti da kwali ne suka cinye mafi yawan kuɗinmu. Makarantun da kayan ba su kai musu ba sun yi da gawayi da jar ƙasa da bula, zanensu kuma bai gaza na kowa ba. Dashen darbejiya da muka yi bai yi auki ba, awaki sun ci rabonsu, don haka baɗi sai da kariya.

Ma'aji zai karanto cikakken lissafi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar, domin muna son fara musayar zane da makarantun Maraɗi da Damagaram a zango mai zuwa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya