Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Hayaƙin Taba da Jinyar Daji

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ka san ciwon da nake jinya, don haka ba zan ja zance a kansa ba. Abin da ya hana ni barci shi ne labarin cewa abokanka suna zama a falonka suna busa sigari da shisha, ga matarka da juna biyu, ga yara suna kai-komo.

Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Wanda ke tashi daga bakin karan sigari bai bi ta auduga ba ma, kai tsaye yake shiga hancin na kusa. Wanda ba ya sha amma yana zaune da mai sha, haɗarin kamuwarsa da dajin huhu yana ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da wasu suka busa. Ga mai ciki, yana sa a haifi jariri ƙarami. Ga yara kuwa, asma, ciwon kunne da ciwon huhu mai yawan dawowa. Shisha ba ta fi sauƙi ba. Ruwan da ke cikin tukunyar sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya tace gubar, ga kuma iskar gawayin da ake ɗorawa a kai.

Kada ka yaudari kanka da buɗe taga ko kunna fanka, hayaƙin zagayawa kawai yake. Yana maƙalewa a labule, katifa, kujera da riga, jariri ya rarrafa ya taɓa ya kai baki. Ka hana sha a cikin gida da mota gaba ɗaya, ko da yara ba sa nan. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana busawa a wuraren taruwar jama'a da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma babu jami'in da zai shigo falonka. Wannan aikin maigida ne.

Yanzu batun asibiti, wanda nake so ka riƙe da kyau. Tarin da ya wuce mako 3, jini a majina, dashewar murya, rama ba dalili, ciwon ƙirji: kada a tsaya a kemis. Inda aka fi yin kuskure a nan shi ne, alamomin dajin huhu sun yi kama da na tarin fuka, sai a ɗora mutum kan maganinsa na wata 6 ba tare da gwaji ya tabbatar ba, lokaci yana ta tafiya. A yi gwajin majina, kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. In bai nuna komai ba kuma tari bai tsaya ba, ka nemi hoton ƙirji da takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Can za a yi hoton CT, a ɗebi ɗan nama a auna. Kada ka saurari masu cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Ba a sanin irin dajin da maganin da ya dace sai da wannan awon, jinkirin ne ke ba shi damar bazuwa.

Asibitocin gwamnati suna da ƙwararrun likitoci, wannan na yarda da shi. Matsalarsu layi, ƙarancin injinan gashi (masu ƙona ƙwayoyin daji da haske mai ƙarfi) da tsadar magani. Injin gashi a Arewa sai manyan wurare irin su Shika a Zariya, Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, don haka a yi waya a tabbatar yana aiki kafin a kama hanya. Ka yi wa iyalinka rajistar inshorar lafiya tun kowa na ƙalau. Dokar 2022 ta wajabta ta. Ka karanta abin da ta ɗauke da wanda ba ta ɗauka ba. Akwai kuma asusun tallafin gwamnatin tarayya na masu dajin mama, na bakin mahaifa da na ƙullutun mafitsarar maza (prostate), a tambaya a ofishin jin daɗin marasa lafiya.

In an fara allurar kashe ƙwayoyin daji, yawanci bayan mako 3-3 ake yi, kuma sai an auna jini kafin kowace. Tsallake zagaye saboda rashin kuɗi na rage amfaninta, gara a faɗa wa likita tun farko a tsara. Zazzaɓin da ya kai maki 38 a wannan lokaci, a tafi asibiti a daren, domin garkuwar jiki ta yi ƙasa. Duk sakamakon gwaji a yi masa kwafi a ajiye a jaka ɗaya, fayil yakan ɓace.

Ka yi wa abokanka magana a wannan makon, cikin mutunci. Ka sa a wanke labulen falon kafin matarka ta haihu. Ka gaishe ta, ka shafa mini kan jikokina.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.